Yadda Ake Koya Wa Ƙaramin Yaro Gabatar Da Tatsuniya Da Waƙa Cikin Murya Da Motsi

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin ƙarshen shekara a makarantar firamare ya ga yadda ake fito da yaro ɗan shekara shida ko bakwai, ya tsaya ƙiƙam, ya kafe idonsa a rufin ɗaki, ya zubo abin da aka sa shi ya haddace cikin numfashi ɗaya, sa'an nan ya ruga ya koma mazauninsa. Jama'a su tafa masa, domin lallai ya yi ƙoƙari, amma ba wanda ya ji labarin. Abin lura shi ne, wannan yaron da kansa, idan ya koma gida yana ba mahaifiyarsa labarin yadda akuya ta faɗo musu cikin aji, sai ka ga ido da hannu da murya duk suna aiki, har ya kwaikwayi kukan akuyar da tsawar da malam ya daka mata. Ke nan baiwar tana tare da shi. Bambancin kawai, akuyar ya gan ta da idonsa, abin da aka ba shi ya haddace kuwa bai gan shi ba. Aikin uwa ko uba ko malami shi ne ya sa yaro ya ga abin da ke cikin labarin a zuciyarsa, domin daga ganin nan ne murya da motsi suke fitowa. A kan wannan aka gina duk matakan da ke tafe, kuma an tsara su ne don yara daga shekara huɗu zuwa takwas.

Ba baƙon abu za a koya wa yaron ba. Tun daga goma ga watan azumi yara ke fita tashe, wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yan mata kuma su yi Mairama da Daudu. A tsakar gida ana aurar da 'yar tsana da dukkan bukukuwanta. Abin da za a ƙara shi ne a ɗaura wannan son kwaikwayo a kan adabi, wato tatsuniya da waƙa da gajeren labari.

Zaɓen abin da za a gabatar

Mataki na farko shi ne zaɓe, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure, saboda sukan zaɓi abin da zai burge manya. Doguwar waƙar wa'azi mai cike da kalmomin Larabci tana da kyau a wurinta, amma yaron da bai san ma'anar rabin kalmominta ba ba shi da abin yi da ita face ya rera ta kamar aku. A fara da tatsuniyar da ba ta wuce minti biyu ko uku a baki ba, mai taurari biyu ko uku waɗanda halinsu ya bambanta sarai, mai zance tsakaninsu, mai kuma wata jimla ko 'yar waƙa da ke maimaituwa. Maimaicin nan shi ne turken da yaro ke kamawa idan ya rikice.

Zan yi misali da tatsuniyar Gizo da hankaki, yadda na ji ta, ko da yake kowane gida da irin tasa. Hankaki suna zuwa cin ɓaure a kan wata bishiya da ke tsakiyar kogi. Gizo ya roƙe su, kowane ya ba shi aron gashi ɗaya, ya tashi tare da su. Da suka isa, duk ɓauren da wani hankaka ya nufa sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya fara gani. Haushi ya kama su, kowa ya zare gashinsa, suka tashi suka bar shi, ya faɗo cikin ruwa. Ga yaro ƙarami a nan ya kamata a tsaya, a bar sashen da Gizo ya haɗu da kadoji cikin ruwa sai wani lokaci. Cikin wannan ɗan guntun akwai roƙo, da murna, da haɗama, da fushi, da tsoro, kuma duk biyar ɗin yaro ya san su a rayuwarsa.

A ba shi labarin da baki, a kuma yi hira a kansa

Kada a fara da takarda, ko da yaron ya iya karatu. A zauna da shi a lokacin da ba ya jin yunwa ko barci, a buɗe da “Ga ta nan, ga ta nanku,” a jira ya amsa da “Ta zo mu ji ta,” sa'an nan a ba shi labarin da kyau, da muryoyi da komai. A yi haka kwana biyu ko uku ba tare da an nemi ya maimaita ko kalma ɗaya ba. Yana da kyau wani dabam a gidan, kamar kakarsa ko yayarsa, shi ma ya ba shi labarin da nasa salon, domin yaro ya gane cewa ba hanya ɗaya tak ake faɗarsa ba.

Bayan nan sai hira, wadda ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya, don haka kada a yi gaggawar wuce ta. Tambayoyin da za a yi masa su zama masu buɗe ido, irin waɗanda ba su da amsa ɗaya. Bishiyar nan, ta kai ta ƙofar gidanmu tsawo? Ruwan kogin ja ne irin na damina ko garai-garai? Da Gizo ya leƙa ƙasa daga kan reshe, me ya gani? Idan yaro ya ce ya ga kifi, to a karɓa, daga yau akwai kifi a kogin. Sa'an nan a juya ga abin da ke cikin ran taurarin, a haɗa shi da abin da yaron ya taɓa ji a jikinsa. Uwa tana iya cewa: “Ka tuna ranar da ka roƙi Yaya ya ba ka aron kekensa? Yaya ka yi da muryarka?” Zai yi murmushi, ya langaɓe kai, ya tausasa murya. Sai ta ce: “To, haka Gizo ya roƙi hankaki. Roƙe ni gashi ɗaya in ji.” Abin da zai fito daga bakinsa a lokacin ya fi duk abin da za a iya koya masa ta hanyar cewa ya ɗaga murya a nan, ya sauke a can.

Ina ba da shawara ƙwarai a guji cewa “faɗi kamar yadda na faɗa.” Yaro gwanin kwaikwayo ne, zai ɗauke muryar babba da motsin hannunsa tsaf, amma zai fito kamar wanda ya sa babbar rigar mahaifinsa. Idan ya kasa samo yadda zai faɗi wata jimla, a faɗa masa ita ta hanya biyu ko uku mabambanta, a tambaye shi wacce ta fi dacewa da Gizo, da kuma dalilinsa.

Mataki na gaba shi ne ya ba da labarin da kalmominsa. Zai tsallake wani wuri, zai ƙara abin da babu, wataƙila ma ya sa wa Gizo takalmi. A bar shi ya kai ƙarshe. Idan ya tsaya, tambaya ɗaya ta isa: “Sai me ya faru?”

Muryoyi

Sai yaro ya riƙe jerin labarin ne za a shiga raba muryoyi. A fara da biyu kacal, muryar mai ba da labari, wadda ita ce muryar yaron ta kullum, da muryar tauraro ɗaya. Idan waɗannan sun zauna, a ƙara ta uku. Tatsuniyoyinmu sun sauƙaƙa wannan aiki domin halin kowace dabba sananne ne. Zaki manyan dawa yana magana a hankali, da murya mai kauri, ba ya gaggawa saboda ba ya tsoron kowa. Kura ga kwaɗayi ga tsoro, muryarta tana rawa tana haɗiyar yawu. Dila malamin daji yana magana cikin ladabi da sanyi, yana auna kowace kalma. Ƙoƙi tana magana irin ta matar da ta gaji da halin mijinta. A nuna wa yaro cewa murya tana canzawa ta fuska uku: kauri ko siranta, sauri ko jinkiri, ƙarfi ko raɗa. Yawancin yara ƙarfi kawai suka sani, don haka fushi a wurinsu ihu ne. A gwada masa hankakan da ya fusata amma ya yi magana ƙasa-ƙasa yana cije baki, zai ga yadda hakan ya fi ihu tsoratarwa.

Gizo an san shi da tsamin baki, kuma yara suna son wannan ƙwarai. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Yaron da harshensa bai gama nuna ba, wanda har yanzu yake fama da furta “r” ko “ts”, kada a sa shi tsamin bakin Gizo, domin a lokacin yana buƙatar jin furuci daidai ne. Haka kuma idan akwai mai tsamin baki ko i'ina a gidan ko a ajin, a nemi wata hanyar bambanta muryar Gizo, kamar sauri da zaƙin baki. Wannan hukunci ya shafi kwaikwayon Hausar wasu ƙabilu don a yi dariya, wanda ake samu a wasu wasannin tashe. Yaro ɗan shekara biyar ba ya rarrabe barkwanci da raini, kuma abin da aka tafa masa a kai yau shi zai yi wa ɗan ajinsu gobe.

Furuci, amsa-kama da shiru

Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, rubutun boko kuma ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. “Gari” na mutane da “gari” na tuwo rubutunsu ɗaya, haka “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya, haka “wuya” na jiki da “wuya” ta wahala. Yaron da ke karantawa bai fahimci jimlar ba zai faɗi wadda ta fara zuwa bakinsa. Wannan ma wani dalili ne na sa kunne ya riga ido. A kuma kula da baƙaƙe masu ƙugiya, musamman ga yaran da suka tashi a birane ko a unguwannin da ake cakuɗa harsuna, inda “ƙafa” kan koma “kafa”, “ɓata” ta koma “bata”. Maganin wannan wasa ne, ba faɗa ba. Kafin a fara kowane zama a yi minti biyu ana karya harshe da zancen nan na ƙato da kwaɗo da suka je neman ƙoto, a fara a hankali, a riƙa ƙara sauri har kowa ya sarƙe a yi dariya.

Babbar dukiyar mai ba da labari da Hausa ita ce amsa-kama, wato kalmomi irin su tinjim, wuf, zumbur, sululu, tsit, firgigit, kwatsam. Kowace ɗaya tana ɗauke da umarnin yadda za a faɗe ta. Ba a faɗin “sululu” da sauri, ba a kuma jan “wuf”. A sa yaro ya tsinto irin waɗannan kalmomi a cikin labarin, ya faɗi kowace da bakinsa, sa'an nan ya yi ta da jikinsa: ya miƙe zumbur, ya fice sululu, ya yi tsit. Idan labarin ba shi da su, a tambaye shi wace ƙara Gizo ya yi da ya faɗa ruwa, a saka abin da ya ce.

Abin da ya fi wuyar koyuwa shi ne shiru. Yaro yana jin cewa idan ya tsaya za a zaci ya manta, shi ya sa yake gudu. A nuna masa cewa mai sauraro yana buƙatar lokacin da zai ga abin da aka faɗa. A jimlar “Gizo ya duba dama, ba kowa, ya duba hagu, ba kowa, sai ya saki reshe,” a sa shi ya duba daman da gaske kafin ya ce ba kowa, ya kuma ƙirga uku a zuci kafin ya ce “tinjim”. Ga wanda ya fara karatu, a ɗauki fensir a ja ƙaramin layi ɗaya a wurin waƙafi, biyu a wurin aya, a gaya masa layi ɗaya ɗan tsayawa ne, biyu kuma jan numfashi. Yara da yawa sukan shigo da rerawar da suka saba da ita wajen bita a makarantar allo ko karatun haɗa baki na aji. Kada a kushe wannan rerawar, domin tana da aikinta wajen hadda. A bayyana masa kawai cewa kowane karatu da muryarsa, kuma labari ana faɗarsa ne kamar yadda ake hira.

Jiki, fuska da kunya

Motsi kaɗan mai ma'ana ya fi motsi da yawa. Tsarin da ake yawan gani, inda kowace kalma take da alamar hannu, a nuna sama idan an ce sama, a dafa ƙirji idan an ce zuciya, yana mai da yaro kamar na'ura. A bar shi ya samo tsayuwar kowane tauraro: yaya Gizo ke tafiya, yaya hankaka ke karkata kai? Idan yana yin taurari biyu shi kaɗai, ya ɗan juya dama idan Gizo ke magana, hagu idan hankaka ne, ya fuskanci jama'a idan ya koma mai ba da labari. Wannan juyi kaɗai ya isa ya sa mai kallo ya san wa ke magana.

Maganar kallon jama'a tana bukatar hikima. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu su sunkuyar da kai a gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau, don haka ba daidai ba ne a wayi gari ana yi wa yaro faɗa don ya ƙi kallon idon baffansa. A bayyana masa cewa a lokacin wasa Gizo ne ke kallon mutane, idan an gama kuma ya koma ɗan gidan. A fara da masu kallon da ba ya jin nauyinsu, kamar ƙannensa da abokan wasansa. Idan za a yi a gaban manya, ya riƙa kallon saman kawunansu ko ya zaɓi fuska ɗaya da ya saba da ita. Na ga yarinyar da ba ta iya buɗe baki a gaban aji, amma da aka ba ta 'yar tsana ta riƙe, aka ce 'yar tsanar ce za ta ba da labari, sai ta kai shi ƙarshe ba gargada. Bayan 'yan makonni ta ajiye 'yar tsanar da kanta.

Hadda da waƙa

A tatsuniya ba a bukatar haddace kowace kalma. Abin da za a riƙe daram shi ne mabuɗi, da jimlolin da ke maimaituwa, da 'yar waƙar ciki idan akwai, da marufi. Sauran ya faɗa da bakinsa. Waƙa rubutacciya kuwa dole a riƙe ta yadda take, saboda kari da amsa-amo. A zaɓi baiti biyu zuwa huɗu, a bayyana kowace kalma, a koyar da ɗango, wato layin waƙa, ɗaya-ɗaya ana tafi a kan karin. Idan ta zauna, sai a sa shi ya faɗe ta sau ɗaya ba rerawa, kamar yana gaya wa abokinsa magana, domin a nan ake gane ko ya san abin da yake cewa. Daga nan a mayar da rerawar, za a ji ta canza. Waƙoƙin gaɗa da na reno da kirarin dabbobi su ne matakala mafi sauƙi zuwa ga rubutacciyar waƙa, tunda yaro ya riga ya san amonsu.

Kowane zama kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar, kuma gara a yi kaɗan kullum da a tara a yi awa guda ranar jajibiri. A tashi tun yaro yana so a ci gaba.

Gyara da ranar gabatarwa

A kowane zama gyara ɗaya ya isa, kuma a yi shi bayan yaro ya kai ƙarshe, kada a katse shi a tsakiya. Yabo ya zama mai suna: maimakon “ka yi kyau”, a ce “da ka yi shiru kafin Gizo ya faɗo, har na riƙe numfashina.” Ta haka zai san abin da zai sake yi. Duka da tsawa da gwada shi da wani yaro ba su da wuri a nan ko kaɗan, domin maƙogwaron da tsoro ya shaƙe ba ya fitar da murya biyu. Ana iya ɗaukar muryarsa a waya a kunna masa ya ji, sau da yawa shi da kansa zai ce ya yi sauri. Amma a yi tunani sosai kafin a ɗora bidiyonsa a Facebook ko TikTok, saboda yaro bai kai ya ba da izini ba, kuma maganganun baƙi ba duka ne masu daɗi ba.

Kayan wasa a shigo da su a ƙarshe, kuma daga abin da ke gida. Tabarma ta zama kogi, kujera 'yar tsugunno ta zama bishiyar ɓaure, faifai biyu su zama fukafukai, mayafi ya zama rawani. Gabatarwar farko ta kasance a tsakar gida bayan sallar isha'i, a gaban mutum huɗu ko biyar, kuma a roƙe su tun da wuri su amsa mabuɗin da ƙarfi, su kuma riƙe dariyarsu idan ya yi kuskure. Wanda ya koya masa ya zauna kusa, inda yaro zai gan shi. Idan ya manta, a ba shi ɗan lokaci, in bai tuno ba a jefa masa tambayar nan da ya saba da ita, “Sai me ya faru?”, kamar mai sauraron da ya ƙagu ya ji ci gaba, ta yadda ba wanda zai lura an taimake shi. A koya masa kuma kada ya gudu da zarar Gizo ya faɗa ruwa. Ya tsaya, ya dubi jama'a, ya ce “Ƙurunƙus kan kusu,” ya jira su gama tafi, sa'an nan ya je ya zauna. Washegari a tambaye shi wace tatsuniya yake so a ɗauka, kuma idan ya ce Gizo da hankaki yake so a sake, a sake ta, a wannan karon a ƙara sashen kadoji.